Dala 2,300 a takarda, dala 800 a lissafi: nazarin rarar harajin jiha a takardar harajin tarayyar Amurka

A yawancin jihohin Amurka ma'aikaci yana biyan harajin kuɗin shiga hawa biyu, na gwamnatin tarayya da na jiha, a wasu wuraren ma har da na gunduma ko na birni. Ana cire shi daga albashi bisa ƙiyasi tun kafin kuɗin ya shigo hannu, sai shekara ta ƙare a zauna a yi lissafi na haƙiƙa. Wanda aka cire masa fiye da kima sai a maido masa da rararsa. Rarar da tarayya ta maido ba a sake ɗora mata harajin tarayya. Rarar jiha kuwa wani lokaci ana lissafa ta a matsayin kuɗin shiga, wani lokaci ba a taɓa ta, sau da yawa kuma wani yanki ne kawai ake ɗauka. Mazauna jihohi irin su Texas da Florida, inda ba a karɓar harajin albashi na jiha, wannan magana ba ta shafe su ba.

Mu ɗauki misalin iyali guda a jihar Maryland, miji da mata masu cike takardar haraji ɗaya tare, dukkansu ba su kai shekara 65 ba. Maigidan ma'aikacin albashi ne. Uwargidan tana aikin albashi ita ma, kuma a 2024 ta fara ɗan kasuwanci a gefe. Suna da gida da suka saya da bashin banki. A farkon 2024 suka cike takardun harajin shekarar 2023, na tarayya da na jiha, sai lissafin jiha ya nuna an cire musu rarar dala 2,300. Suka ce a bar dala 600 a hannun jiha a matsayin kason farko na harajin ƙiyasi na 2024, saboda kasuwancin uwargida da ba wanda ke cire masa haraji. Sauran dala 1,700 suka shiga asusunsu na banki a watan Afrilun 2024.

A ƙarshen Janairun 2025 fom 1099-G, wanda jiha ke bayyana rarar da ta maido a cikinsa, ya fito daga jiha. A akwati na 2 an rubuta 2,300. Kwafin wannan fom yana zuwa wa hukumar harajin tarayya, wato IRS, kai tsaye.

Alƙaluma uku da suka faɗo kan tebur

Iyalin sun sauya manhajar cike haraji a waccan shekarar, don haka sabuwar ba ta da bayanansu na 2023. Ta tambaye su ko bara sun jera rangwamensu dalla-dalla, wato sun lissafa ɗaya bayan ɗaya kuɗaɗen da doka ta yarda a cire daga kuɗin shiga kafin a sa haraji, suka ce e. Shafukan da suka biyo baya, masu neman alƙaluman bara layi-layi, suka tsallake su don takardun ba sa kusa. Manhaja ta ɗauki dala 2,300 ɗin ɗungurungum ta zuba a layi na 1 na Jadawali na 1, wanda daga can yake gangarowa cikin jimlar kuɗin shiga a fom 1040, babbar takardar harajin tarayya.

Maigida ya duba bayanin banki ya ga dala 1,700 ne suka shigo, ya ɗauka jiha ta yi kuskure, yana shirin gyara adadin zuwa abin da ya gani da idonsa. Wani maƙwabcinsu kuma, ɗan haya wanda ya shekara goma yana karɓar rarar jiha bai taɓa rubuta ta ba kuma ba a taɓa tuntuɓarsa ba, ya ba su shawarar su share layin baki ɗaya. Ga 2,300, ga 1,700, ga sifiri, kuma duk cikinsu babu daidai.

Ta 1,700 ita ce mafi sauƙin kawarwa. Dokar ba ta kallon abin da ya shiga banki kaɗai. Duk rarar da aka maido, ko aka ajiye don harajin shekara mai zuwa, ko jiha ta riƙe don biyan wani bashi da ake bin mutum, kamar kuɗin ciyar da yaro da kotu ta yanke, ana ɗaukar ta tamkar an ba shi a hannu. Dala 600 ɗin su suka zaɓi inda za ta je, saboda haka adadin da za a fara lissafi da shi 2,300 ne. Amma 600 ɗin ba ta ɓace ba: ta zama harajin jiha da suka biya a 2024, tana iya shiga rangwamensu na 2024 idan sun sake jera shi dalla-dalla.

Shawarar maƙwabci gaskiya ce a kansa, sai dai kama da wane ba ta wane. Shi rangwamen bai-ɗaya yake ɗauka kowace shekara, wato ƙayyadadden adadin da doka ta ba kowa ya cire daga kuɗin shigarsa ba tare da kawo hujjar komai ba. Bai taɓa cire harajin jiha daga lissafin tarayya ba, don haka idan jiha ta maido masa da wani abu, kuɗinsa ne da tarayya ta riga ta ci harajinsa. Iyalinmu kuwa sun cike Jadawalin A, takardar jera rangwame dalla-dalla, sun gaya wa tarayya cewa sun biya jiha kaza, aka rage musu haraji a kan haka, daga baya ta bayyana ba su biya kazan duka ba.

Ƙa'idar tana sashe na 111 na kundin dokar harajin tarayya. Taƙaitaccen ma'anarta shi ne: abin da aka maido maka yana zama kuɗin shiga ne gwargwadon yadda cire shi a bara ya rage maka haraji. Yankin da bai amfane ka da komai ba, ba a neman sa. Fom 1099-G bai san wannan ba, jiha ma ba ta sani ba. Amsar tana cikin Jadawalin A na 2023, takardar da suka bari a ɗaki.

Abin da Jadawalin A na 2023 ya nuna

A layi na 5a, harajin kuɗin shiga na jiha da na gunduma da aka cire daga albashinsu biyu, dala 7,400. A Maryland kowace gunduma da birnin Baltimore suna da nasu kason, amma a takardar jiha ɗaya ake lissafa su tare, rarar ma tare take fitowa. A layi na 5b, harajin gida, dala 4,100. Jimla a layi na 5d, dala 11,500. A nan gizo ke saƙa, domin daga shekarar haraji ta 2018 zuwa ta 2024, bayan dokar da aka sa wa hannu a Disambar 2017, an ƙayyade abin da za a iya cirewa na harajin jiha da na ƙananan hukumomi gaba ɗaya a dala 10,000, ko 5,000 ga ma'auratan da kowa ya cike tasa dabam. Don haka layi na 5e ya tsaya a 10,000. Dala 1,500 na abin da suka biya ba ta rage musu ko sisin kwabo ba.

Sai kuɗin ruwa na bashin gida, dala 15,200, da sadaka ga masallacin unguwarsu da wata ƙungiyar agaji ta cikin Amurka, dala 3,600, duk da rasit. Kuɗin da suke tura wa iyaye da ƙanne a gida ba ya cikin wannan lissafi, domin kyauta ga mutum ba ta shiga rangwamen sadaka komai buƙatarsa, kuma da sun cusa shi da lissafin da ke tafe duka ya karkace. Jimlar rangwamen a layi na 17, dala 28,800. Rangwamen bai-ɗaya na ma'aurata masu takarda ɗaya a 2023 kuwa dala 27,700 ne. Ke nan duk wahalar tara rasit ɗin dala 1,100 kawai ta ƙara musu a kan abin da za su samu suna zaune.

A cikin bayanin fom 1040 akwai takardar lissafi ta musamman don layi na 1 na Jadawali na 1, kuma tana tace rarar ne sau biyu.

Tacewar farko ta iyakar 10,000 ce. A cire layi na 5e daga na 5d, 11,500 ban da 10,000, saura 1,500. Wannan shi ne harajin da suka biya ba tare da ya yi musu aiki ba. Doka ta ɗauki rarar a matsayin ta fara fitowa daga nan. 2,300 ban da 1,500, saura 800. Da rarar ba ta wuce 1,500 ba, da magana ta ƙare a nan, babu abin rubutawa.

Tacewa ta biyu ta rangwamen bai-ɗaya ce. 28,800 ban da 27,700, saura 1,100. Wannan ne iyakar amfanin da jera rangwame ya yi musu, don haka abin da za a maido cikin kuɗin shiga ba zai taɓa wuce shi ba. Sai a ɗauki mafi ƙanƙanta tsakanin 800 da 1,100. Dala 800 ce ke hawa layi na 1.

Akwai hanyar tabbatarwa wadda ta fi zama a kai, ita ce IRS ta bi a hukuncinta na fassara mai lamba 2019-11: a sake gina lissafin bara kamar tun farko an cire musu haraji daidai. Harajin jiha na gaskiya zai zama 7,400 ban da 2,300, wato 5,100. A haɗa da harajin gida 4,100, ya zama 9,200, ƙasa da iyaka, don haka duka zai shiga. A ƙara 15,200 da 3,600, jimla 28,000. Wannan har yanzu ya ɗara 27,700, ke nan da sun jera dalla-dalla ko ta yaya. Abin da suka cire a zahiri 28,800, abin da ya kamata su cire 28,000, bambanci 800. Hanyoyin biyu sun haɗu a wuri ɗaya, kuma duk lokacin da ba su haɗu ba to akwai alƙalamin da aka kwafo ba daidai ba.

Yana da kyau a ga yadda ɗan motsi kaɗan ke sauya amsar. Da sadakarsu dala 3,000 ce maimakon 3,600, jimlar rangwame za ta zama 28,200, tazararta da rangwamen bai-ɗaya 500, sai tacewa ta biyu ta yi rinjaye, a rubuta 500. Da harajin gidansu ya kai 5,000, abin da ya haura iyaka zai zama 2,400, ya haɗiye rarar duka, a rubuta sifiri ko da yake sun jera dalla-dalla. Da kuma ɗayansu ya cika 65 a 2023, rangwamen bai-ɗaya zai ƙaru da 1,500, ya zarce 28,800 ɗin, nan ma sifiri. Shi ya sa tambayar da manhaja ke yi, ko an jera dalla-dalla bara, rabin tambaya ce. Amsar a'a tana rufe magana. Amsar e buɗe ta take yi.

Gwaji ɗaya da ake yawan mantawa

A layi na 5a doka ta ba da zaɓi: ko dai a cire harajin kuɗin shiga na jiha, ko harajin sayayya, ba duka biyun ba. Wanda ya zaɓi harajin sayayya a bara, rarar harajin kuɗin shigarsa ba ta da haraji ko kaɗan, tunda bai cire shi ba. Wanda ya zaɓi harajin kuɗin shiga kuma, abin da za a lissafa masa ba zai wuce tazarar da ke tsakanin abin da ya cire da abin da zai iya cirewa na harajin sayayya ba. Harajin sayayya a Maryland kashi 6 cikin ɗari ne, kuma IRS tana da jadawalin ƙiyasi ga wanda bai tara rasit ba. A ce jadawalin ya ba iyalin 1,300. Tazarar da ke tsakaninsa da 7,400 ta ninka rarar fiye da sau biyu, don haka gwajin bai taɓa su ba. Wanda yake taɓawa shi ne mai ƙaramin albashi da aka maido masa kusan duk abin da aka cire, ko wanda ya sayi mota a shekarar ya biya harajin sayayya mai kauri.

Takardar lissafin nan mai sauƙi ba ta ɗaukar kowane lamari. Akwai yanayin da bayanin fom ɗin da kansa yake tura mutum zuwa ɗan littafin IRS mai lamba 525, wanda ke da lissafi mafi tsawo. Daga ciki akwai rarar da ta shafi wata tsohuwar shekara ba bara ba, abin da akwati na 3 na 1099-G ke nunawa, da wanda ya biya AMT, wani lissafi na dabam na mafi ƙarancin harajin da mutum zai biya, da wanda ke da rangwamen kai-tsaye, wato wanda ake cirewa daga harajin kansa, da bai iya cinye shi duka ba domin harajinsa ya riga ya sauka zuwa sifiri, da ma'auratan da suka cike takardar jiha tare amma yanzu sun rabu. A yawancin waɗannan amsar tana ƙara sauka ne, ba hawa ba.

Wanda zai shafi iyalin nan a gaba, tunda uwargida ta shiga biyan harajin ƙiyasi, shi ne kason ƙarshe da ake biya a watan Janairu. Kason na tsohuwar shekara ne a lissafin jiha, amma a lissafin tarayya ana cire shi ne a shekarar da kuɗin ya fita. A ce mutum ya biya jiha dala 8,000 don shekara guda, 7,000 a cikin shekarar, 1,000 a Janairun da ya biyo baya, aka maido masa 2,400. Kashi bakwai cikin takwas na rarar, wato 2,100, shi ne zai bi ta tacewar da muka yi. Sauran 300 ba kuɗin shiga ba ne. Ana rage shi ne daga harajin jiha da zai cire a sabuwar shekarar. Wanda bai raba ba ya zuba 2,400 duka, lissafinsa na shekaru biyu ya cakuɗe.

Abin da kowane adadi zai jawo

Kuɗin shigar iyalin mai haraji yana cikin rukunin kashi 12 cikin ɗari, wanda a 2024 ya kama daga dala 23,200 zuwa 94,300 ga ma'aurata masu takarda ɗaya. Harajin 800 dala 96 ne. Harajin 2,300 dala 276 ne. Da sun bar abin da manhaja ta zuba, da sun biya dala 180 a banza, kuma babu wasiƙar da za ta zo ta sanar da su, domin adadin ya yi daidai da kwafin da ke hannun IRS. Gyaransa sai da fom 1040-X, a cikin shekara uku daga ranar shigar da takardar ko shekara biyu daga ranar biyan harajin, duk wanda ya fi nisa. A ganinmu wannan kuskuren ya fi na share layin yawa, ya kuma fi shi daɗewa a ɓoye.

Da sun bi maƙwabci, kwamfutocin IRS masu gwada takardu da fom-fom ɗin da aka aiko musu suna iya gano giɓin, bayan watanni masu yawa a aiko da wasiƙa mai lamba CP2000. Wannan wasiƙa shawarar gyara ce, ba hukunci ba, kuma adadin da ke cikinta yana iya zama an gina shi a kan 2,300 duka, da kuɗin ruwa tun daga 15 ga Afrilun 2025. Yawanci kwana 30 ake bayarwa a amsa, 60 ga wanda ke wajen ƙasar. Amsar da ta dace ita ce a nuna rashin amincewa da adadin, a haɗa da gajeren bayani mai sa hannu, da kwafin Jadawalin A na 2023, da takardar lissafin da ta fitar da 800. Wanda ya yi shiru, misali ya yi doguwar tafiya gida wasiƙa na kwance a akwati, sai wata ta biyo baya mai ba da kwana 90 a kai ƙara Kotun Haraji, in wa'adin ya wuce a tabbatar da adadin. Mai 800 ma ya ajiye takardar lissafinsa, don adadinsa bai yi daidai da na 1099-G ba kuma ana iya tambaya.

Akwai wasu hanyoyi biyu da mutane ke bi da kyakkyawar niyya, duka ba sa ɓullewa. Ɗaya ita ce komawa a gyara takardar 2023 a rage harajin jihar da aka cire. Ba haka ake yi ba. Takardar 2023 daidai take domin an cire musu 7,400 a waccan shekarar da gaske, rarar kuwa ta shekarar da aka karɓe ta ce. Ɗayar ita ce a rage rarar daga layi na 5a na 2024 a bar Jadawali na 1 babu komai. Bayanin Jadawalin A ya hana wannan, ban da ɗan yankin Janairu da muka ambata.

Idan jiha ta yi jinkirin biya ta ɗora kuɗin ruwa a kan rarar, wannan kuɗin ruwan ba ya bin ko ɗaya daga cikin tacewar nan. Yana da haraji duka, har ga mai rangwamen bai-ɗaya, kuma wurinsa layi na 2b na fom 1040.

Wanda ya nemi Jadawalin A na bara ya rasa, yana iya sauke taƙaitaccen kwafin takardarsa kyauta daga asusunsa a shafin IRS, ko ya nema da fom 4506-T. Jihohi da dama kuma sun daina aika 1099-G ta gidan waya, sai dai mutum ya shiga shafinsu ya sauke, don haka rashin ganin ambulan ba ya nufin fom ɗin bai fito ba.

Saura ɓangaren jiha. Takardar Maryland tana farawa ne daga jimlar kuɗin shiga ta tarayya, wadda yanzu 800 ɗin ke cikinta, kuma jihar ba ta sa haraji a kan rarar harajinta. Don haka fom 502 yana da layin da ake cire ta. Abin da ake cirewa shi ne 800 da ta shiga, ba 2,300 da ke kan 1099-G ba.

Dokar da aka sa wa hannu ranar 4 ga Yulin 2025 ta ɗaga iyakar daga 10,000 zuwa 40,000 a shekarar haraji ta 2025, tana raguwa ga masu kuɗin shiga sama da dala 500,000. Ga masu jera rangwame dalla-dalla da harajinsu bai kai sabuwar iyakar ba, wannan na nufin tacewar farko za ta daina tare musu komai, rarar 2025 da za a karɓa a 2026 za ta fi shiga lissafi fiye da yadda suka saba. Ga iyalinmu kuwa, in alƙalumansu ba su sauya ba, 11,500 da 15,200 da 3,600 sun tashi 30,300, rangwamen bai-ɗaya na ma'aurata a 2025 kuma 31,500 ne. Shi za su ɗauka, kuma rarar waccan shekarar ba za ta hau layi na 1 ba.